Shekarata 34, har yau ana ce mini mai shiririta

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, da aurena da 'ya'ya uku. Tun ina ƙarama mai shiririta ake ce mini a gidanmu. In aka aike ni, sai na isa bakin shago in tsaya: gishiri aka ce ko kanwa? Na girma, abin bai sake ni ba. Ran Asabar na ɗora wake na fita kwashe shanya, sai na ga rigar autana ta farke, na ɗauko allura na zauna. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga tana tambayar me ke ƙauri. Tukunya ta uku ke nan bana. A makaranta kuwa kullum ni ce ta ƙarshen miƙa sakamakon jarrabawa, ba kuma don ban iya aikin ba.

An yi mini ruƙiyya sau biyu, rubutu kuwa na sha har na gaji. Ban raina addu'a ba, amma malamin na biyu da bakinsa ya ce bai ga alamar iska tare da ni ba.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta fara ambata mini ADHD, larurar da ke hana mutum tara hankalinsa wuri guda, ta ce tana bin wasu har girma. Sai dai ta ja mini kunne kada in yanke wa kaina hukunci daga bidiyon Facebook, don damuwa da rashin barci ma suna kawo irin wannan. Ta ce ƙwararre zai bincika ko alamun sun fara kafin in kai shekara 12, wataƙila ma ya nemi jin ta bakin wanda ya raine ni. Nan gizo ke saƙar. Da na taɓa wa Inna zancen, cewa ta yi, "Da hankalinki za ki kai kanki asibitin mahaukata? Me dangin mijinki za su ce?"

Hajiya, ni ba hauka nake ji ba, so nake in san sunan abin da ke damuna. Wa ya kamata in fara gani, likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam? In fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko kuwa sai na dangana da na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna? In Inna ta ƙi zuwa, yayata za ta wadatar?

Sai maigida. Mutum ne mai haƙuri, amma shi a ganinsa ganganci ne kawai, kuma ba zan fita ba da izininsa ba. Da wane baki zan fara masa maganar?

Taki, mai saurare daga Katsina.