Wasiƙa zuwa ga Sani a Guangzhou

Kano, ranar Lahadi da dare

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya zaman baƙunta? Mu dai nan sai godiya. Na leƙa gida jiya, Hajiya tana nan garau, ta ce in gaya maka ka riƙa kira, ko ba komai ta ji muryarka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, shekaranjiya na shigo gida na tarar da yara sun kewaye talabijin suna kallon wani fim ɗin Chanis da aka fassara da Hausa. Na zauna da niyyar minti biyar, ban tashi ba sai da aka gama. Ashe Hero ne, na Zhang Yimou, wanda Jet Li ya fito a ciki. Sai kawai na tuna da mu, zamanin da muke tara kwabbai mu tafi silima. Ba ma jin ko kalma ɗaya, amma ba mu taɓa ɓata ba: ga akta, ga bos, an kashe malamin akta, ya shiga daji ya koyo faɗa, ya dawo ya ɗau fansa. A hanyar gida kuma kowa ya zama Bruce Lee, kai ne ma kullum ke cin duka.

To wannan fim ba irin wancan ba ne, kuma tun daren nan yake cina a rai.

Labarin ya faru ne lokacin da ƙasar Sin take rabe gida bakwai, kowace daula tana yaƙar 'yar'uwarta. Sarkin Qin yana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wani jarumi marar suna ya zo fada ya ce ya gama da mutum uku da ke farautar ran sarki, don haka aka bar shi ya matso har tazarar taku goma. Ashe dabara ce, shi ma kisan ya zo yi. Ana ba da labarin sau da dama, kowane zubi da launinsa, ja, shuɗi, fari, kore, gwargwadon wanda ke magana da yawan ƙaryar da ke ciki. Kyau kam ba a magana, musamman faɗan da mata biyu suka yi cikin ganyaye masu ruwan ɗorawa. Amma da ya samu damar kashe sarki, sai jarumin ya fasa. Dalilinsa wai wannan sarkin ne kaɗai zai iya haɗa kan ƙasa a daina zubar da jini. Shi kuwa sarki ya sa aka yi masa ruwan kibiyoyi, sannan aka yi masa jana'izar gwarzo.

Ɗana Abba ya juyo ya ce, "Baba, to bos ne ya ci ke nan?" Wallahi na rasa amsa.

Sarkin nan ba ƙirƙira ba ne. Shi ne Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka tono rundunarsa ta sojojin yumɓu kusa da Xi'an a 1974. Tarihin Sinawa da kansa ya tuna shi da ƙona littattafai da aikin tilas. Shi ya sa da fim ɗin ya fito a 2002, akwai masu sharhi da suka ce an yi wa mulkin ƙarfa-ƙarfa kwalliya ne, ana gaya wa talaka ya haƙura da azzalumi saboda zaman lafiya. Ni ma, in gaya maka gaskiya, can nake karkata. Mun sha jin irin wannan waƙar a bakin masu kaki.

Abin mamaki shi ne yadda ya kaya a Amurka. Kamfanin Miramax ya sayi fim ɗin ya jibge shi kusan shekara biyu, sai a watan Agusta na 2004 aka sake shi, an manna sunan shahararren daraktan Amurka Quentin Tarantino a jiki don jawo 'yan kallo. Makon farko ya zo na ɗaya a gidajen silima na ƙasar. Akwai kalmar da labarin gaba ɗaya ya rataya a kanta, wadda ɗaya daga cikin jaruman ya rubuta a kan rairayi: tianxia, wato duk abin da ke ƙarƙashin sama. A rubutun fassarar da aka nuna wa Amurkawa sai aka mayar da ita "ƙasarmu". Ka ga an rage mata nauyi. Mutumin da ke son mallakar duniya ya koma mai kishin gida.

Wanda ya buɗe wa irin waɗannan finafinai ƙofar Amurka shi ne Crouching Tiger, Hidden Dragon na Ang Lee, a 2000. Ya tara sama da dala miliyan 120 a Amurka kaɗai, ga shi ba da Turanci ba, ya kuma ɗauki lambar Oscar huɗu. Turawa suka ruɗe da mutane suna gudu kan rufin ɗaki, suna faɗa a ƙololuwar gora. Yuen Woo-ping ne ya tsara faɗan, shi ne dai na The Matrix. Amma a ƙasar Sin ba a yi rawar kai haka ba. Su tun suna yara suke ganin ana tashi sama da igiya, sannan kunnensu ya kama abin da namu ba zai kama ba: Chow Yun-fat ɗan Hong Kong ne, Michelle Yeoh 'yar Malesiya, Mandarin ɗinsu, wato Sinancin da aka yi fim ɗin da shi, da gargada. Kamar a ɗauko wanda ya koyi Hausa da girma a ce shi ne Sarkin Kano a fim. Bature zai tafa, mu kuwa dariya za ta hana mu bin labarin.

Red Cliff na John Woo ma an yi masa aski. Yaƙin da aka gwabza a bakin kogin Yangtze wajen shekara ta 208 bayan haihuwar Annabi Isa ne, wanda kowane ɗan makaranta a can ya san su Cao Cao da Zhuge Liang a cikinsa. A Asiya kashi biyu aka nuna, kusan awa biyar. Na Turawa aka datse shi ya dawo kamar awa biyu da rabi. Yaƙin ya tsira, hira da ƙulle-ƙullen fada da yawa suka tafi.

Kada ka ce ina zagin Turawa, mu ma haka muke. Mai fassarar da yaran nan ke saurare ya zuba barkwanci iya son ransa, har da karin maganar da ban jin Basine ya taɓa ji. Na yi dariya sosai, ba zan ɓoye ba. Sai dai daidai wurin da jarumin ke bayyana dalilinsa na fasa kisa, nan ma wasa ya saka.

Don haka ga aikin da zan ba ka. Tunda kana cuɗanya da su kullum, in ka samu wanda kuka saba, ku zauna shan shayi ka tambaye shi: a ganinsa jarumin nan daidai ya yi da ya bar sarki da rai? Ka lura da fuskarsa in zai amsa, kada ka matsa masa in ka ga ya kauce. Ka tambayi dattijo, ka kuma tambayi matashi, ina son jin ko bakinsu zai zo ɗaya.

Kuma batun cajar wayar da ka yi min alkawari tun kafin azumi, har yanzu shiru. Ka haɗo da ita cikin kayan da za ka turo. Abba na gaishe ka, ya ce a sayo masa takobin roba.

Naka,
Bashir