A Kula da Yaran Shago da Ke Aiki Ba Kariya a Kaduna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan raunukan da masu sana'ar hannu ke samu a wurin aiki, musamman yaran da ake kai wa koyon sana'a.

Duk wanda ya ratsa Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, da hantsi zai ga abin da nake nufi. Yaro ya durƙusa yana walda, tartsatsi na zuba a kan silifas ɗinsa, abin da ya tare idonsa kuwa tabarau ne na kwalliya, wani ma kawar da kai kawai yake yi idan wuta ta kama. Gefe guda ga masu narkar da sanholo suna zuba tukwane ba safar hannu. A bara ɗan ƙanwata ya kwana yana kuka kamar an zuba masa yashi a ido, domin hasken walda ba nan take yake nuna ɓarnarsa ba, sai bayan sa'o'i zafin ke tasowa. Da muka kai shi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, sai aka ce fatar ƙwayar idon ce ta ƙone. Maigidansa, mutumin kirki ne ba laifi, cewa ya yi kowane mai walda da haka ya fara, kuma ƙaddara ba ta wuce ranarta.

Mun yi imani da ƙaddara, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah, kuma kuɗin gilashin walda na gaskiya bai kai na magani da sufurin asibiti ba.

Dokoki kam akwai su. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta rufe sassan injin masu haɗari da bai wa ma'aikaci kayan kariya, sannan Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsu a asusun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, domin a biya wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya rasu. Sai dai an fi jin tasirinsu a kamfanonin Kakuri da Kudenda, inda ake da rajista da takardar albashi. Yaron da ladarsa kuɗin abinci ne, wanda injin markaɗe ya cinye wa yatsu, bai taɓa jin sunan asusun ba, balle ya san inda zai kai kuka.

Saboda haka nake kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu walda, kafintoci da makanikai, tunda maganarsu ta fi ta jami'in gwamnati shiga kunnen 'ya'yansu, da su sanya gilashi, safar hannu da takalmi rufaffe cikin sharuɗɗan karɓar yaro, su kuma ci tarar wanda ya saɓa. Masu sa ido na Ma'aikatar Ƙwadago su ma su riƙa shiga kasuwanni da nufin koyarwa, ko da a ranar 28 ga Afrilu ce, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta keɓe domin lafiyar ma'aikata. Mu iyaye kuma, ranar da za mu danƙa yaro, mu nemi a nuna mana kayan kariyar da zai sa kafin mu yi sallama.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna