Wasiƙa Zuwa ga Inna Kan Lafiyar Jikanta

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa daga nan Landan, da fatan kuna lafiya ke da Baba, ina sanar da ke cewa angonki ya samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Gudawar nan mai ɗigon jini, da amai da ƙurajen da suka feso masa, ba haƙori ba ne kamar yadda aka zata. Likita ta tabbatar cewa jikinsa ne ba ya karɓar furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikin madarar shanu, kuma ta ce ana samun haka ga jarirai 2 zuwa 3 cikin 100. Tun da yake nonona yake sha, ni aka hana madara da duk abin da aka yi da ita na tsawon mako 4, aka ba ni ƙwayar kalsiyam da bitamin D. Da ya warware sai aka ce in koma sha domin a gwada, ciwon kuwa ya dawo. Yanzu idan na tafi aiki ana dama masa wata madarar gwangwani wadda aka farfasa furotin ɗinta, mai ɗan ɗaci, amma ya saba.

Na ji shawararki ta madarar akuya, sai dai likita ta hana, domin furotin ɗinta da na tumaki sun yi kama da na shanu ƙwarai. Ko ta waken suya ba a ba yaron da bai kai wata 6 ba.

Saboda haka ina roƙonki, idan mun zo Babbar Sallah, a gaya wa gwaggonninsa kada a ɗanɗana masa fura da nono ko kindirmo, kada kuma a zuba man shanu a tuwonsa, ko da kaɗan ne. Na san da wuya a ga yaro yana miƙo hannu a hana shi, amma idan leɓensa ya kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, sai asibiti nan take.

Ki kwantar da hankalinki, yawancin yara kan rabu da wannan kafin shekara 5. Bayan ya shekara za a fara gwada shi da biskit mai madara, kaɗan-kaɗan, bisa umarnin likita.

A gaida Baba da ƙannena.

Wassalam,
'Yarki