Abba, in babu fas kada ka taso

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke lafiya. Ummanka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Hajiya kuwa kullum bayan sallar Asuba sai ta sa ka a addu'a. Na ba da takardar nan ta hannun yaron maƙwabtanmu mai kai albasa Fatakwal, ya ce zai ƙarasa Onne, makarantarku ta horon sojan ruwa, ya bayar a bakin ƙofa a miƙa maka.

Wata magana ta iso ni, kuma ba daga bakinka ba. An ce ranar da kuka samu damar waya ka kira abokin nan naka mai shagon caji, ka ce masa da fas, takardar izinin fita bariki, ko babu fas a Kano za ka yi Babbar Sallah. Shi ya gaya wa ƙanwarka, ita ta kai wa Ummanka, Ummanka kuma ta ɓoye mini tana ta murnarta. Sai da na ga ta ɗauki shadda za ta kai wa tela na gane akwai abin da ake dafawa a gidan nan ban sani ba.

Ina fata wasa kake yi. In ba wasa ba ne, to buɗe kunnenka.

Na san abin da ke yawo a tsakaninku. Yau wani ya ce za a ba da kwana uku, gobe wani ya rantse ya ji an soke, jibi a ce na kusa da gida kaɗai za a bari. Labarin bariki ke nan, tun muna kurata a Depot na Zariya haka yake, kuma mai yaɗa shi bai fi ka sanin komai ba. Hutu a aikin soja kwamanda ke bayarwa, kuma ko ya sa hannu, in aiki ya taso sai a janye. Balle kurtu, wanda horonsa duka wajen wata shida ne, kowane mako da abin da aka tsara masa: fareti, harbi, iyo, aikin jirgi. Saboda haka muddin takarda mai sa hannu da hatimi ba ta shiga aljihunka ba, ka ɗauka babu hutu. Haka na gaya musu a nan gida, Ummanka ta yi fushi, ta huce.

Ka san dokar da ke kanka yanzu ba irin ta makarantar kwana ba ce, inda ake haura katanga a sha bulala a wuce wurin. Dokar sojojin Najeriya ɗaya ce ga na ƙasa da na ruwa da na sama, kuma barin bariki ba izini laifi ne a cikinta. In mutum ya ƙi komawa, laifin ya zama gudu daga aiki, maganar kotun soja ke nan. Kai da ko yaye ka ba a yi ba, mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne a soke sunanka a miƙo maka jakarka. Ka tuna cika fom a intanet, ka tuna layin ranar jarrabawa, ka tuna samarin unguwar nan da kuka nema tare suna nan zaune a bakin titi har yau. Sannan ka tuna kawunka. Ba sai na ƙara komai a kansa ba, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Amma ko korar ba ita ke hana ni barci ba. Kai a kan hanya babu takarda, shi ne abin da nake gani in na rufe ido. Daga Fatakwal zuwa Kano ya haura kilomita 1,000. Mai fas da rana yake tafiya, daga tasha yake shiga mota, in an tsayar da shi a shinge ya ciro takardarsa. Wanda ya sato jiki kuwa dare yake bi, yana gudun kowane shingen soja, ya ɗare tirela ko motar kaya don kada a gan shi, babu mahalukin da ya san motar da ya hau. Askin kanka kaɗai ya isa ya tona ka. Ka manta da Uromi ne? A watan Maris na 2025 mutum 16, mafarauta, sun taso daga wajen Fatakwal ɗin nan a babbar mota, aka tare su a jihar Edo aka kashe su. Gida za su, Kano, don su yi Sallah da iyalinsu. In wani abu ya same ka a wannan hanya, wa zan je in tambaya? Can za a ce mini ka gudu, nan ba ka iso ba. In bi garuruwa da hotonka a hannu ina tambayar direbobi? Abba, tsufana ba zai ɗauki wannan ba.

Kuma kada ka fake da kukan Ummanka. Na san abin da kai da yayyenka kuke faɗa a bayana, wai Baba ba ya jin zafin rabuwa, aikin soja ya busar masa da zuciya. Lokacin da aka tura mu Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, a Monrovia Sallah ta riske mu, mun yi Idi bindiga na ajiye a gefen tabarma. Ummanka tana bariki ita kaɗai da goyon yayarku, ko wasiƙa ba ta zuwa a kan lokaci. Kana tsammanin ban so in dawo ba? Da na bi son raina, da wane fansho aka biya maka kuɗin jarrabawar sakandare? Kuma aikin nan kai ka zaɓe shi. Na ce ka ci gaba da karatu, ka kafe sai sojan ruwa, kai da ko a Tiga ba ka taɓa shiga ruwa ya kai maka ƙirji ba. Na sa maka albarka ka tafi. Yanzu don naman rago za ka zubar?

To, ya isa. Na san kewa ce, kuma wannan ce Sallarka ta farko ba a gida ba. Ba ka rasa komai na addini: sojoji suna da limamansu da masallatansu, za ku yi Idi, ka yi kabbarorinka. Ragon gida kana cikin niyyarsa. Ummanka za ta soya kasonka ya soyu sosai ta ajiye, ka san nata yana yin watanni bai canza ba. Shaddar ma na ce a ɗinka, sai dai a ninke ta sai ranar faretin yaye ku. In Allah ya kai mu, ni da ita za mu zo Onne mu gan ka cikin farin kaki. Bayan nan inda aka tura ka nan za ka, ko Legas, ko Kalaba, ko Baga a bakin tafkin Chadi. Ita dai ta riga ta sa ranta a kwalejin sojan ruwa ta Dawakin Tofa, ni kuma ban kashe mata gwiwa ba.

In kuwa Allah ya sa aka ba ku fas, ka sanar da ni kafin ka fita ƙofa. Ka sa kayan gida, ka shiga mota a tasha, ka turo mini lambarta, kada ku yi tafiyar dare. Ka lissafa kwanakin hanya zuwa da komawa tukuna. In abin da ya rage bai wuce yini ɗaya ba, ka yi zamanka, ba za mu ji haushi ba.

Ɗan abin da na sa cikin ambulan na sabulu ne da katin waya, ba kuɗin mota ba ne.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka