Na Je Neman Sawun Hendrix a Essawira, Na Jiyo Sambanin Kakata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun dawowata daga Maroko.

Ni mai gyaran rediyo da rikoda ne, na yi sama da shekara talatin ina wannan sana'a a Sabon Garin Zariya kafin ido ya gaza. Ina yaron shago, wajen 1974, akwai wani ɗalibin jami'a da kan kawo mana garmahonsa, in an gama gyara sai ya ɗora faifai a gwada allura. A wurinsa na fara jin jitar Jimi Hendrix, makaɗin nan Ba'amurke. Maigidana ya toshe kunne ya ce wannan ai kukan injin niƙa ne. Ni kuwa na tsaya da ƙarfen liƙi a hannu har ya huce ban sani ba.

Bara Allah ya nufe ni da ziyarar Shehu Tijjani a Fas. Da muka kammala, ɗana da ke karatu a Marakish ya ce, "Baba, mu je Essawira ka sha iskar teku, ai mutumin naka ya taɓa sauka can." Tafiyar wajen awa uku ce a bas.

Gari ne mai ganuwa a bakin tekun Atlantika, iska ba ta hutawa a cikinsa, sai da na riƙe hulata da hannu. Manyan bindigogin igwa na tagulla na jere a kan ganuwa suna kallon ruwa, ƙasa kuma jiragen masunta ne shuɗɗa, ana gasa kifin sardin a kan gawayi. Da can Turawa Mogador suke ce masa. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ne ya sa aka gina shi a shekarun 1760, wani Bafaranshe mai suna Théodore Cornut ya zana masa fasali, aka mai da shi mashigar fatauci har ana yi masa laƙabi da tashar jiragen ruwan Tambutu. Ayarin raƙuma kan ƙetaro Sahara da zinariya da gashin jimina da ƙaro da hauren giwa. Da mutane kuma, Malam Edita. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

A ƙarshen shekarun 1960 samari da 'yan matan Amurka da Turai suka yi wa garin tsinke. Su ne ake kira 'yan hipi: masu dogon gashi, sun juya wa yaƙin Biyetnam baya, sun ce ba za su yi rayuwar iyayensu ta ofis da tara abin duniya ba. Maroko ta yi musu daɗi saboda araha da rana, wasunsu kuma, gaskiya ɗaya ce, wiwi ya kawo su. Da yawa suka yada zango a wani ƙauye kudu da gari, Diyabat. A watan Yulin 1969 Hendrix ya zo Essawira ya yi 'yan kwanaki, wata mai zuwa ya hau dandali a bikin kiɗa na Woodstock a Amurka, a Satumbar 1970 kuma ya mutu a Landan yana da shekara 27. Iyakar abin ke nan. Amma je ka ka gani: hotonsa a bango, a riguna, a gidajen shayi, kowa na da labarin gidan da ya kwana. Mutanen gari kan lissafa har da mawaƙi Cat Stevens cikin baƙinsu na wancan zamani, wanda ya musulunta a 1977 muka san shi da Yusuf Islam.

Mun taka bakin ruwa har kusa da Diyabat, inda wani tsohon ginin tsaro, Burj el-Barud, ya ruguje yana nutsewa cikin yashi. Wani mai hayar raƙumi ya nuna mana shi ya rantse cewa nan Hendrix ya zauna ya tsara waƙarsa Castles Made of Sand, wato fadojin da aka gina da rairayi. Na san wannan faifai kamar yunwar cikina. A 1967 ya fito, shekara biyu kafin mutumin ya taka ƙasar. Ban yi gardama da shi ba, abincinsa yake nema. Amma raina ya ɗan ɓaci, don na ga gari mai tarihi irin wannan ya jingina kansa da baƙon kwana kaɗan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a daren wannan rana ya faru. Bayan Isha muna ratsa wani lungu a tsohon gari, sai na ji ƙarar ƙarfe daga wani gida: kacau-kacau, kacau-kacau, ba tsayawa. Na ja tunga. Ɗana ya yi sallama ya nemi izini aka shigar da mu. Wani dattijo baƙi wuluk na zaune a kan darduma, a cinyarsa wani abin kiɗa na icce da aka rufe fuskarsa da fatar raƙumi, tsirkiya uku, muryarsa can ƙasa kamar daga rijiya take fitowa. Da ɗan yatsa yake fizgar tsirkiya, yana kuma bugun fatar a lokaci guda, ka ce molo da ganga aka haɗa. Gimbiri suke ce masa. A gefensa samari huɗu, kowanne da ƙarafa bibbiyu a kowane hannu, suna kaɗawa suna amshi. Sunan ƙarafan karakib.

Malam Edita, sambani ne. Kakata ta wajen uwa tana da irinsu, in Mauludi ya zo sai ta fito da su daga cikin tukunya, ita da ƙawayenta su kwana suna bege. Nasu ba shi da 'yan zobba kamar nata, amma riƙon ɗaya ne, haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ɗaya ce. Ban ji Larabcinsu ba, sai ga shi cikin amshi an ambaci Bambara, an ambaci Fulani, aka ce Hausa. Na kamo hannun ɗana na ce, "Ka ji abin da na ji?" Ya ce ya ji. Hawaye suka zubo mini a gaban mutanen da ban sani ba.

Waɗannan su ne Ginawa, jikokin mutanen da aka kwaso daga ƙasashenmu na kudancin Sahara aka ƙetare da su. Harshe ya ɓace musu, sunayen garuruwa suka ɓace, sai waƙa ta riƙe musu sunayen ƙabilu. Sayyidina Bilal suka ɗauka uba, har zawiyarsu a Essawira sunansa take ɗauke da shi. Suna da wani zama na kwana guda da suke kira lila, ana bin launuka bakwai da turare iri-iri, wanda duk ya san bori zai ga kamanni. Ba ina kiran kowa ga bori ba, ni almajiri ne, na san matsayin malamanmu a kai. Tarihi nake magana: ɗan'uwanka da aka sayar ya yi shekaru ɗaruruwa yana kiran sunanka, kai ba ka ma san yana nan ba.

Turawan da suka zo da kunnen basira kuwa sun gane inda dukiyar take. A 1994 Jimmy Page da Robert Plant na ƙungiyar kiɗa ta Led Zeppelin sun zauna da makaɗan Ginawa a Marakish sun yi kiɗa tare. A wannan shekarar ce mabushin nan Ba'amurke Pharoah Sanders ya fitar da faifai da Malam Mahmud Giniya, makaɗin Ginawa ɗan asalin Essawira, wanda ya rasu a 2015. Kuma in ana maganar matasan da suka bijire wa abin da suka tarar, Maroko na da nata, ba sai an aro daga waje ba. Ƙungiyar Nass El Ghiwane ta Kasablanka ta girgiza ƙasar a shekarun 1970 da waƙoƙin kukan talaka, a zamanin da faɗin gaskiya ke kai mutum kurkuku, kuma mai gimbirinsu, Abdurrahman Paco, ɗan Essawira ne. Tun 1998 garin ke yin bikin kiɗan Ginawa da ke tara makaɗan duniya, a 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa wannan kiɗa cikin kayan gadon ɗan Adam da ya kamata a kiyaye. Mutanen da a da ake raina su a matsayin bayi masu bara da ƙarafa, yau su ne ƙasar ke tinƙaho da su.

To mu fa? Roƙona gare ka shi ne shafinku na al'adu ya ɗauki wannan magana da gaske. Ku tura wakili ya nemo tsofaffin matan da suka rage masu kaɗa sambani a Zazzau da Kano da Katsina, da masu garaya da gurmi, a naɗi muryoyinsu tun suna da rai. Masananmu na sassan Hausa a jami'o'i su je Essawira su zauna da waɗancan malaman kiɗan Ginawa, su saurari amshin nan kalma bayan kalma, su gaya mana nawa ne namu a ciki. Ana zuwa Fas duk shekara, jirgi cike, ƙarin kwana biyu ne kawai.

Da na dawo na tambayi sambanin kakata a gidanmu na cikin birni. Aka ce an daɗe da haɗa shi da tsofaffin kwanoni an ba 'yan gwangwan. Na sayo karakib guda biyu a can, na kai wa wani tsohon maƙeri a unguwarmu. Ya juya su, ya auna nauyinsu a tafin hannu, ya kaɗa sau biyu, ya ce babansa ya ƙera irinsu kuma shi ma bai manta ba. Na ba shi aikin guda huɗu, ya ce in dawo bayan Sallah. In wakilinku zai zo Zariya, ni zan kai shi maƙerar da kaina.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Tsohon mai gyaran rediyo, Zariya