Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Sanya Mahaɗi a Cikin Rahoto

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Rahoton shekara na ƙungiyarku da ka tsara da manhajar tsara shafuka ta InDesign ka turo mini ya iso, na kuma karanta shi daga farko har ƙarshe. Tsarin shafukan ya burge ni, Allah ya yi maka albarka. Sai dai da na kai shafi na 14 na taɓa inda ka rubuta "danna nan" da shuɗin rubutu, ko motsi bai yi ba, haka ma jerin abubuwan da ke ciki bai kai ni ko'ina ba. Shi ya sa na ga gara in rubuto maka tun rahoton bai fita hannun jama'a ba.

Zatona ka sanya mahaɗan, wato wuraren da ake dannawa su kai mutum wani shafi, daidai, wajen fitar da PDF ne suka zube. InDesign yana da hanyoyi biyu na fitarwa. Wadda aka rubuta mata Interactive tana ɗaukar mahaɗai da kanta, amma wadda aka rubuta mata Print, wato ta masu ɗab'i, ba ta ɗaukar su sai ka sa alama a ɗan akwatin Hyperlinks da ke ƙasan tagar. Idan kuma ka zaɓi ma'aunin PDF/X, wanda gidajen ɗab'i ke nema, akwatin ma dusashewa yake yi. Saboda haka ka riƙa fitar da fayil biyu, ɗaya na injin bugawa, ɗaya na masu karantawa a waya da kwamfuta, kowanne da sunansa don kada su cakuɗe.

Mu da muka koyi wannan sana'a a kan manhajar PageMaker, wadda kamfanin Aldus ya fitar a 1985, aikinmu a kan takarda yake ƙarewa, idan tawada ta zauna an gama. Ko bayan da Adobe ya sayi Aldus a 1994 ya kuma kawo InDesign a 1999, na daɗe ina ɗaukar mahaɗi a matsayin ado, har sai da ya ba ni kunya. Na taɓa tsara wa wasu mutane littafin taro, na kwafo sakin layi uku daga wani tsohon fayil tare da mahaɗansu, ban san cewa an ƙirƙire su da alama a akwatin Shared Hyperlink Destination ba. Wannan akwati yana ajiye adireshin a cikin fayil na asali, kuma ni na riga na goge shi. Ran taro shugabansu ya kira ni yana cewa fom ɗin rajista ya ƙi buɗewa, ga mutane a bakin ƙofa. Tun daga ranar nake cire wannan alama duk lokacin da zan sa mahaɗi, kai ma ina ba ka shawarar ka yi haka.

Game da adireshin kansa, kada ka rubuta shi da hannu. Ka buɗe shafin a intanet, ka kwafo adireshin cikakke tun daga https, ka liƙa, sannan ka duba ko aya ko fili bai maƙale a ƙarshensa ba. Idan fayil ne za ku ɗora a shafinku, ku sa masa suna ba tare da ƙ ko ɗ ko ɓ ba, domin a cikin adireshi harafin ƙ kaɗai yana komawa %C6%99, fili kuma %20, sai adireshin ya yi tsawo ya yi muni, wanda zai kwafe shi daga takarda kuma ya sha wahala. A cikin rubutun rahoton kuwa ka bar haruffanmu da lanƙwasarsu.

Inda kake son mai karatu ya tsallaka daga wani babi zuwa wani, ka ɗaura mahaɗin a kan kalmomin kanun da abin da manhajar ke kira Text Anchor, kada ka ɗaura shi a kan shafi, saboda da zarar an ƙara sakin layi biyu rubutu zai gangara gaba, mahaɗin kuma ya ci gaba da nuna tsohon wuri. Jerin abubuwan da ke ciki ma ka bar manhajar ta haɗa shi daga salon kanun labarai, za ta sa masa mahaɗai da kanta.

Wannan "danna nan" kuma ka cire shi. Dattijon da aka miƙa wa bugaggen kwafi, me zai danna? Ka rubuta abin da mahaɗin ke kaiwa gare shi, misali "fom ɗin shiga ƙungiya", ka sa gajeren adireshi ko lambar QR a gefe, InDesign ma yana iya yin ta.

In ka gyara, ka danna kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya a cikin PDF ɗin da ya fito, a kwamfuta da kuma a waya, sannan ka sake turo mini in gwada a tawa kafin Juma'a. Ka gai da abokan aikinka.

Wassalam,
Mahaifinka