Zuwa ga Hajara, kan ɗinkin bargon da ke cukurkuɗewa

Pantami, Gombe.

Assalamu alaikum ƙawata Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigida da yara, ya hunturun Sakkwato? Na duba hotunan da kika turo na bargon jaririn da kike yi wa ɗinkin zanen furanni da keke. Kekenki lafiyarsa lau, kuma don Allah kada ki taɓa ɗan sukurun gidan bobin tukuna. Yawancin abin da na gani daga zaren sama ne da kuma hannunki.

Tulin zaren da ya dunƙule a baya kamar sheƙar tsuntsu, dalilinsa biyu ne. Ko kin zura zaren sama alhali ƙafar danne yadi tana ƙasa, ko kin fara ɗinki ba ki sauke ta ba. Faifan tenshan suna buɗewa ne idan ƙafar tana sama, su matse zaren idan ta sauka. To ki ɗaga ta ki sake zura zare daga farko, sannan ki sauke. Ƙafar nan mai sifirin da ake ɗinkin zane da ita ba ta danne yadi sosai, shi ya sa ake mantawa da ita, ballantana bargo mai auduga a tsakiya ya cika wurin. Kafin ki fara, ki juya wili da hannu sau ɗaya, ki jawo zaren ƙasa ya fito sama, ki riƙe su biyun ki yi ɗinki 3 ko 4 a wuri ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne lanƙwasar furannin, inda zaren sama ya zazzaro ta baya. Tunda kin sauke haƙoran keke, babu mai jan yadi sai ke, kuma lambar tsawon ɗinki ba ta da wani aiki yanzu. Hannu yakan yi gaggawa a kwana ba tare da mutum ya sani ba, allura kuwa tana nan a gudunta, sai zaren ya ja gefe. Ki ƙara wa keken gudu kaɗan, ki sassauta hannu a kwanar, ɗinkin ya tsaya wajen milimita 2 zuwa 3. Idan kin ga ƙanana cunkus, hannun ne ya yi nawa. Sai in hakan bai gyara ba za ki ƙara tenshan na sama, rabin lamba rabin lamba, kina gwadawa a kan ƙyalle mai hawa uku irin na bargon. Gwaji a yadi fallan ɗaya yaudara ce.

Tsallaken ɗinki kuwa, fara da allura. Sa sabuwa mai lamba 90/14, ki tura ta can sama har ta tsaya, ɗan gajeren kwarinta da ke saman idon allurar yana kallon inda ƙugiyar da ke kama zare a ƙasa ke wucewa. Idan yadin yana bin allura yana tasowa, ƙugiyar ba za ta kama zare ba, don haka ki shimfiɗa tafukanki gefe da gefe kusa da allurar, ki kuma kafe hawa ukun da fil duk bayan faɗin tafin hannu. Karyewar allura da kika ambata daga jan bargon ne tana ciki. Ki jingina wani tebur a hagunki ya ɗauki nauyinsa, kada ya rataya.

A wannan lokaci na ƙura, ga gashin auduga, ki riƙa cire farantin allura kina sharewa da ɗan buroshi duk bayan bobin 2 ko 3, ki ɗiga man keke ɗigo ɗaya idan naki mai shan mai ne. Ban da man gyaɗa, daskarewa yake yi. Zaren sama da na ƙasa su zama kauri ɗaya, tsohon zare mai tsinkewa da an ja shi kuma ki ajiye shi don shirin hannu.

Ki gwada ki turo mini hoton bayan ƙyallen, shi nake son gani. Ki gaida Inna da kyau.

Taki,
Rabi